Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Graceland, Gidan Elvis Presley

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya labari ya kawo mu Memphis, a jihar Tennessee ta Amurka, inda na yi zaman aikin kai baƙi wuraren tarihi. Na ce kafin mu wuce zan tsaya a kan wurin da ya fi ko'ina jan baƙi a garin, wato Graceland, gidan mawaƙin nan Elvis Presley. Yau ba labarin kaina za ku ji ba. Labarin gidan ne, da yadda ake shigarsa, da inda mutane suke asarar kuɗi da lokaci don ba su san tsarinsa ba.

Ga wanda sunan ya yi masa nisa: an haifi Elvis ranar 8 ga Janairu, 1935, a Tupelo ta jihar Mississippi, cikin talauci na gaske. Tagwaye ne, ɗan'uwansa Jesse bai zo da rai ba. Iyalin sun koma Memphis a 1948. Yana tuƙa motar wani kamfanin lantarki ya fara waƙa a 1954, kuma kafin 1956 ta ƙare babu gidan da ba a san sunansa ba a Amurka. A watan Maris na 1957, yana ɗan shekara 22, ya sayi Graceland a kan dala 102,500. Ya zauna a cikinsa shekara 20, a nan kuma ya rasu ranar 16 ga Agusta, 1977, yana da shekara 42. Ba shi ya gina gidan ba. Wani likita da matarsa ne suka gina shi a 1939, a filin gadon dangin matar, kuma sunan wata gwaggonta, Grace, filin yake ɗauke da shi tun kafin a aza tubali.

Gidan yana unguwar Whitehaven, kudu da tsakiyar gari da kamar kilomita 15, a kan babban titin da yanzu ake kira Elvis Presley Boulevard. Daga filin jirgin Memphis tafiyar 'yan mintoci ce. Wanda ya taso daga Najeriya sai ya sauka wani gari tukuna, galibi Atlanta, ya canza jirgi. Wanda yake Nashville kuma, awa uku a mota ta kawo shi.

Kuskuren farko tun a bakin titi ake yinsa. Baƙo ya hango ƙofar ƙarfen nan mai zanen alamomin kiɗa da mutum riƙe da gita, sai ya karkatar da mota zai shiga. Ba a shiga ta nan. Motar baƙo ba ta hawa harabar gidan ko kaɗan. Wurin ajiye mota, da ofishin tikiti, da gidajen abinci, da shaguna, duk suna tsallaken titi, a wani katafaren wuri da aka buɗe a 2017. Can za ka ajiye mota, ka biya kuɗin ajiyar daban, sannan ƙaramar bas ta gidan ta tsallaka da kai. Titin nan mai faɗi ne, motoci na gudu, ba wurin da za ka tsaya kana juya sitiyari kana neman hanya ba ne.

Tikiti kala-kala ne, kuma a nan ake yin kuskure na biyu. Akwai mai rahusa wanda iyakarsa ɗakunan baje koli na tsallaken titi, ba ya kai ka cikin gidan. Mutum ya ga sauƙin kuɗi ya saya, sai ya zo layin bas a ce masa nasa bai kai nan ba. Kafin ka biya ka tabbata tikitin ya haɗa da gidan kansa da jiragen saman Elvis guda biyu. A 'yan shekarun nan irin wannan ya kai wajen dala 80 ga babban mutum, kuma farashin ba ya sauka, hawa yake yi. Akwai na alfarma masu tsada sosai, da suke ba ka tsallake layi ko mai rakiya na musamman. A ganina, in ba lokacin cunkoso ba ne, kuɗin banza ne, don ɗakunan da za ka gani a cikin gidan su ne dai waɗanda kowa zai gani. Sayen tikiti ta intanet kafin ka zo ya fi, saboda shiga gidan da lokaci ake yinta, kuma lokutan safe ne suke fara ƙarewa.

Ka ware aƙalla awa uku da rabi, in kana da son karanta bayanan bango ka ware biyar. Gidan da harabarsa kaɗai suna cin awa ɗaya da rabi. Wanda ya iso ƙarfe biyu na rana zai ga gidan a gurguje, ya fito ya tarar ana shirin rufe sauran.

Kafin hawa bas za a nuna muku ɗan gajeren fim, a tsayar da ku gaban wani labule mai hoton ƙofar gidan a ɗauke ku hoto. Hoton nan ba kyauta ba ne, za a tare ka da shi a hanyar fita, kuma ba dole ka saya ba. Babbar jaka ba ta shiga, akwai akwatunan ajiya. Sannan a miƙa maka iPad da abin sawa a kunne. Shi ne mai yi maka jagora ɗaki bayan ɗaki, da muryar wani ɗan fim, John Stamos, tare da tsofaffin muryoyin Elvis da 'yarsa Lisa Marie. Akwai harsuna da dama, har da Faransanci, don haka 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru ba za su sha wahala ba. Amma ga illarsa: mutane sukan kafa ido a kan allon, suna kallon hoton ɗakin da suke tsaye a cikinsa. Ka rataya shi a wuya, ka bar kunne ya yi aikinsa, ido kuma ya yi nasa. Ana ɗaukar hoto a cikin gidan, amma ban da hasken kyamara, don yana kashe launin yadi da labule. Bidiyo kuma ba a yarda ba.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki da bas ta tsaya shi ne ƙanƙantar gidan. Sunan ya fi ginin girma. Bene ne hawa ɗaya, gabansa dutse ruwan ƙasa-ƙasa, da fararen ginshiƙai huɗu, da gumakan zakuna biyu a bakin matattakala. Ɗakuna 23 ne gaba ɗaya, a fili mai eka kusan 14. A yau attajirai da yawa suna da gidan da ya ninka shi. Amma ka tuna wanda ya saye shi yaro ne da 'yan shekaru kafin nan yake kwana da iyayensa a gidajen gwamnati na marasa ƙarfi.

Ana shigar da mutane rukuni-rukuni. Da ka taka ƙofa, dama da kai falo ne: farar doguwar kujera mai tsawon ƙafa 15, farin kafet, madubai a bango, sai gilashi mai launi da aka zana ɗawisu biyu a jikinsa, wanda ya raba falon da ɗakin fiyano. An ja igiya, ba a takawa ciki. A nan ya kamata ka san wani abu da zai taimake ka fahimtar gidan duka. Ranar da Elvis ya rasu, falon nan ba fari ba ne. A 1974 an mayar da shi ja wur, kujeru da labule da kafet. Da za a buɗe gidan ga jama'a, sai aka maido da kamanninsa na shekarun baya, wanda ya fi kwanciya a ido. Ke nan abin da kake gani zaɓaɓɓe ne. Iyali ne suka zauna suka tsara wane Elvis za a nuna maka. Ba laifi ba ne, kowa da irin yadda yake son a tuna da mamacinsa, amma ka shiga da saninka.

Gaba kaɗan ɗakin iyayensa ne, da rigunan mahaifiyarsa Gladys rataye a kabad. Tana cikin dalilan sayen gidan, amma ba ta more shi ba. Ta rasu a watan Agusta na 1958, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan sun tare, lokacin ɗanta yana aikin soja. Hagu da ƙofar shiga ɗakin cin abinci ne, da teburi a shirye da faranti, da talabijin a kusurwa ta fuskanci kujerar maigida. Sai kicin, wanda har ƙasansa kafet ne, da ƙananan talabijin da suke nuna abin da kyamarorin tsaro suke gani. Shekarun farko ba a shiga kicin ɗin, domin gwaggonsa Delta ta ci gaba da zama a gidan har rasuwarta a 1993. Wato sama da shekara goma baƙi na zagaye gidan da rana, tsohuwa tana ciki tana harkarta.

Matattakalar da take hawa sama kuwa, wadda za ka gani tun shigowarka, an tare ta. Ba a taɓa buɗe saman benen ga jama'a ba, kuma babu tikitin da yake kai mutum can komai tsadarsa. Can ne ɗakin kwanansa, da ofishinsa, da banɗakin da aka tsince shi a kwance ranar da ya rasu. A zauren da kake tsaye, gindin matattakalar, aka ajiye gawarsa washegari, dubban mutane suka yi layi a rana suka wuce ta gabanta. Na'urar kunnenka za ta ce an rufe saman ne don girmama sirrinsa, kuma haka ne, ko yana raye baƙi ba sa hawa. Sai dai abin da ya kashe shi ma can sama ya faru, kuma zagayen ba ya tsayawa a kansa. Zuciyarsa ce ta tsaya, bayan shekaru yana shan magungunan barci da na kashe ciwo da na ƙara kuzari, waɗanda likitoci suke rubuta masa. Daga baya hukuma ta ƙwace lasisin likitan da ya fi rubuta masa su. Wannan ba za ka karanta shi a bangon Graceland ba.

Daga kicin sai a gangara ƙasa ta wata siririyar matattakala da aka lulluɓe da madubai hagu da dama da sama. Nan ne layi yake cushewa, don mutum ɗaya take ɗauka, kuma madubin yana ruɗar ido, musamman ga tsofaffi. Ka riƙe ƙarfen gefe. Mai keken guragu ba ya iya sauka nan, sai dai ya ga ɗakunan a allo. Dabarar da take aiki ita ce ka ja baya ka zama na ƙarshe a rukuninku. Babu mai korarka, kuma tsakanin wucewar rukuninku da isowar na baya za ka sami minti ɗaya ko biyu kai kaɗai da ɗakin.

Ɗakuna biyu ne a ƙasan. Na farko ɗakin kallo, rawaya da shuɗi mai duhu, silin ɗinsa madubi, da talabijin uku jere a bango. Ya ji cewa shugaban ƙasa Lyndon Johnson yana kallon labaran manyan tashoshi uku a lokaci guda, shi ma ya sa aka jera masa, sai dai shi ƙwallo ya fi kallo. A bango akwai zanen walƙiya, tambarin da shi da yaransa suke sawa a sarƙa da zobe. Na biyu ɗakin sinuka ne, kuma shi ne ya fi cancanta ka tsaya. An ɗauki yadi wajen 350 na zane mai fure, aka nannaɗe shi ƙananan ninki, aka rufe bango huɗu da silin da shi, duk ninkin suna taruwa a tsakiya saman fitila. Kai ka ce shagon atamfa ne a Kantin Kwari aka juye a ɗaki ɗaya. Ka dubi kusurwar teburin, akwai yagewa a yadinsa, inda wani abokinsa ya gwada bugun gwaninta sandar ta kubce. Ba a gyara ba har yau.

Wata matattakalar za ta hau da kai ɗakin da ya fi suna, wanda ake kira Jungle Room. Kafet ne kore mai dogon gashi a ƙasa, irinsa kuma a silin. Kujerun katako ne masu nauyi da aka sassaƙa da kawunan dabbobi, aka lulluɓe da abu mai kama da fatar dabba. Bango ɗaya na dutse ne, ruwa yana kwaranyowa a jikinsa. Mutane sukan yi dariya a nan, wasu su ce rashin ido ne. Amma ɗakin yana da tarihin da ya wuce ado. A 1976 Elvis ya ƙi zuwa ɗakin ɗaukar waƙa, sai RCA, kamfanin da yake fitar da faya-fayansa, ya kawo motar na'urori ya ajiye a bayan gida, aka ja wayoyi zuwa nan. Kafet ɗin sama da ƙasa yana shanye amsa-kuwwa, don haka sauti ya fita da kyau. Waƙoƙin da ya ɗauka a ɗakin nan, a Fabrairu da Oktoba na shekarar, su ne na ƙarshe da ya yi ba a gaban 'yan kallo ba.

Daga nan an fita waje. Ofishin mahaifinsa Vernon yana bayan gida, ƙaramin ɗaki da tebura da akwatunan fayil na ƙarfe, inda ake amsa wasiƙun masoya ana biyan kuɗaɗe. A ƙofar akwai sanarwar da tsohon ya liƙa, wadda ma'anarta ita ce wanda ba aiki ya kawo shi ba kada ya zauna zaman kashe wando. Vernon mutum ne da ya taɓa shiga kurkuku a 1938 saboda sauya adadin kuɗi a takardar cek, har iyalin suka rasa gidansu na Tupelo. Bai daina tsoron talauci ba har ya mutu, kuma shi ne yake ajiye kowace rasit. Wannan ɗabi'a tasa ce ta sa gidan tarihin yake da takardu masu yawa haka. Kusa da ofishin akwai ɗan ɗakin bulo da aka mayar wurin gwajin harbi, sai makiyayar dawaki, wadda har yanzu akwai dawaki a cikinta.

Ginin da yake biye yana ba da labarin iyalin: kayan auren Elvis da Priscilla na 1967, gadon jariri na Lisa Marie da aka haifa a 1968, da takardun cek na sadakar da yake rabawa ƙungiyoyin agaji na Memphis. Auren ya mutu a 1973. Sai wurin ninƙaya, ɗan ƙarami, sai ginin wasan ƙwallon bango da ya gina a 1975. A falon wannan ginin akwai fiyano da kujerun fata. Nan ya zauna ya yi waƙa da asubahin ranar da zai rasu, bayan sun gama wasa, kafin ya hau sama.

Zagayen yana ƙarewa a lambun da kaburbura suke. Asali ba makabarta ba ce, wurin zama ne na shiru da ya sa aka yi masa a tsakiyar shekarun 1960. An fara binne shi a makabartar Forest Hill, amma da aka kama wasu da zargin yunƙurin sace gawar, mahaifinsa ya nemi izini aka dawo da shi da mahaifiyarsa gida a watan Oktoba na 1977. Yanzu akwai Vernon da ya rasu a 1979, da kakarsa Minnie Mae da ta riga ta binne ɗa da jika kafin ta bi su a 1980, da ɗan allo na tunawa da tagwayensa. Jikansa Benjamin ya zo a 2020, Lisa Marie a 2023. Za ka ga furanni da 'yan tsana da wasiƙu, za ka ga manya suna kuka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da irin wannan ba, hanya a buɗe take, ya wuce ya jira bas. Abin da bai dace ba shi ne surutu da dariya a wurin, ko tsayawa ɗaukar hoton masu kuka. Galibin ranaku, da sassafe kafin a fara zagaye, ana barin mutane su taka da ƙafa daga ƙofa zuwa lambun kyauta na ɗan lokaci. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya ganin gaban gidan ta wannan hanya, amma ya tambaya tukuna, don akan dakatar da ita lokacin bukukuwa.

Bas za ta maido ka tsallake, kuma a nan gajiya take kama mutane alhali rabin abin da suka biya yana gaba. Ɗakin motoci yana da Cadillac ɗin nan ruwan hoda ta 1955 da ya ba mahaifiyarsa, wadda ba ta iya tuƙi ba, da baƙar Stutz Blackhawk da ya shigo gida da ita a darensa na ƙarshe. Babban ɗakin sana'arsa yana da bango cike da faya-fayan zinariya, da kwat ɗin zinariya ta 1957, da baƙaƙen kayan fata na shirin talabijin na 1968 wanda ya farfaɗo da shi bayan shekarun da ya ɓata a finafinai. Sai jerin fararen riguna haɗe da wando, masu duwatsu da gajeriyar alkyabba. Ka matsa kusa da mai hoton gaggafa, wadda ya sa a wasan Hawaii na Janairu 1973 da aka watsa ta tauraron ɗan'adam, ka ga yadda aka dasa duwatsun ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ka kuma lura da lambobin Grammy guda uku. Duk da sarautar da aka ba shi a kiɗan rock, ukun nan a waƙoƙin coci ya same su.

Jiragen suna waje. Babban, Convair 880, tsohon jirgin fasinja ne da ya saya a 1975 a kan dala 250,000, ya sa masa sunan 'yarsa, kuma abin da aka kashe wajen gyaransa ya ninka kuɗin sayen. Ana shiga ta gaba a fita ta baya: teburin taro, kujerun fata da aka rufe da leda, gado, da maƙallan bel da aka shafe da zinariya. Jirgi ne da zai iya tsallaka teku, amma mai shi bai taɓa yin wasa a wajen Amurka ba, in ban da 'yan wasanni a Kanada a 1957. Ana danganta wannan da manajansa, Kanar Tom Parker, wanda daga baya aka gano ɗan Holan ne da ya shiga Amurka ba da takardu ba, yana tsoron in ya fita ba zai dawo ba.

Parker ɗin nan shi ne mabuɗin fahimtar dalilin da ya sa gidan ya zama wurin tikiti. Kasonsa ya kai rabin abin da Elvis yake samu a wasu harkokin, inda sauran manajoji suke karɓar ɗan kaɗan. A 1973 ya shirya aka sayar wa RCA haƙƙin duk tsofaffin faya-fayan a kan dala miliyan 5.4, wato aka sayar da saniyar tatsa aka ci kuɗin. Da Elvis ya rasu, abin da ya bari bai kai sunansa ba, ga haraji, ga gida da yake cin wajen dala 500,000 a shekara. Ko a sayar, ko a buɗe. Priscilla, wadda take cikin masu kula da gadon 'yarta, ta zaɓi buɗewa, aka fara karɓar baƙi ranar 7 ga Yuni, 1982. Yanzu sama da mutum 600,000 suke zuwa a shekara, kuma tun 2006 gwamnatin Amurka ta sa gidan cikin manyan wuraren tarihin ƙasa. Gidan kansa yana hannun jikar Elvis, Riley Keough, amma harkar kasuwancin kamfani ne yake gudanar da ita. Shi ya sa kusan kowace ƙofar fita ta cikin shago take bi da kai. In da yara kuka zo, ku yanke abin da za a kashe tun a mota.

Maganar abinci tana bukatar kulawa ga Musulmi. Abin alfaharin Memphis gasasshen nama ne, kuma in ba a faɗi wani abu ba, naman alade ake nufi. Har wake da ganye akan dafa su da shi. Burodin nan da Elvis ya yi suna da so, mai markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ayaba, ana soya shi ko da man shanu ko da kitsen alade, don haka sai ka faɗa da bakinka wanne kake so, ka kuma tambaya ko kasko ɗaya ne. Kada ka sa ran samun masallaci a harabar. Akwai masallatai a garin, amma ba a bakin gidan suke ba, sai mutum ya tsara shigarsa da safe ya fito kafin azahar ta yi nisa.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Tsakiyar Agusta ake makon tunawa da shi, kuma daren 15 ga wata ake rufe titi, dubban mutane su hau zuwa kabarin riƙe da kyandir har gari ya waye. Otal yana tsada, layi yana tsawo, zafi kuma na Memphis ba irin busasshen da aka saba da shi ba ne, mai gumi ne da yake hana numfashi. Farkon Janairu ma akwai taron ranar haihuwarsa, cikin sanyi. Wanda gidan ya zo gani ba taro ba, ya zo a Afrilu ko Oktoba, ranar Talata ko Laraba, ya kama bas ɗin farko.

Shawarata ta ƙarshe ita ce kada ka fara da Graceland. Gidan yana nuna abin da waƙa ta saya, ba ya nuna inda waƙar ta fito. Ka fara da Sun Studio, lamba 706 a titin Union, ɗan ƙaramin ɗaki da ba ya cin awa ɗaya. Sam Phillips ya buɗe shi yana ɗaukar baƙaƙen mawaƙa irin su B.B. King da Howlin' Wolf tun kafin Elvis ya leƙo. Faifan Elvis na farko a Yuli 1954, waƙar wani baƙar fata ce, Arthur Crudup, wanda ya mutu a 1974 bai ga kuɗin kirki daga gare ta ba. A ƙarshen 1955 Phillips ya sayar da kwantiragin yaron ga RCA a kan dala 35,000. Daga nan ka taka titin Beale, inda Elvis yake yawo yana saurayi yana sauraron kiɗan baƙaƙe yana leƙen tufafi a shaguna. Shi kansa bai ɓoye inda ya koyo ba, amma a Amurkar wancan zamani fari ne gidajen rediyo da talabijin suke buɗe wa ƙofa, kuma Graceland ba ya daɗewa a kan wannan magana. In kana da kwana biyu, ka ƙara da Tupelo, awa ɗaya da rabi a mota. Gidan da aka haife shi ɗaki biyu ne na katako, wanda mahaifinsa ya gina da bashin dala 180, kuma an ɗauko cocin da ya fara jin waƙa a cikinsa an ajiye kusa da shi. Minti biyar ya isa ka gama ganin gidan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma tsakiyar gari, otal ɗin Lorraine, inda aka harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu, 1968.